Ɗaukar Hoton Kango da Kufai: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini

Tun da na fara sa hotunan tsofaffin gine-gine a shafukana, tambayoyi kusan iri ɗaya ne suke ta dawowa, wasu don neman sani, wasu don zolaya. Na gaji da maimaita amsa ɗaya-ɗaya, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Me ake gani a rusasshen gini har a tsaya ɗaukar hotonsa?

Wani kawuna ne ya fara yi mini wannan tambaya. Ya ce, "Kai yanzu duk gidajen da aka gina a garin nan ba ka ga na ɗauka ba, sai wanda ya faɗi?" Na ce, "Kawu, wanda yake tsaye ai ba ya nuna cikinsa." Har yau amsar da nake bayarwa ke nan.

Gidan da mutane suke ciki a rufe yake da yaɓe da fenti da labule. Sai rufi ya rufta, yaɓe ya zube, sannan za ka ga aikin magini: yadda aka jera tubali sahu-sahu, kowane da tsininsa sama, yadda bango yake da kauri a gindi yana sirancewa in ya tashi, yadda aka gitta azara a kusurwa don a rage faɗin ɗaki kafin a rufa. Bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da yake ɗauke da rufin ɗaki, da kake gani kamar ƙasa ce zalla aka lanƙwasa, in ya tsage sai ka tarar azara ce aka ɗaura hawa-hawa a cikinsa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta. Wanda bai taɓa ganin karyayyen bakan gizo ba bai san dalilin da ya sa ake girmama magina har ake naɗa musu sarki ba.

Ban da aikin magini, akwai sawun masu gida. Baƙin hayaƙi a bangon madafi, alkukin da ake ajiye fitila, ƙusar da aka rataye agogo, lissafin bashi da wani ya yi da gawayi a bayan ƙofa. Waɗannan su ne suke tsayar da ni fiye da girman ginin.

Kuma tsayawa a kan kufai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya karanta tsofaffin ƙasidun Larabawa a zaure ya san da tsayuwa a kan kufan masoyiya mawaƙan suke buɗe waƙa. Alƙur'ani ma ya yi umarni a wurare da dama a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance. Kyamara ce kawai sabuwa.

Kango da kufai ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Kango gini ne da ba kowa a ciki, galibi ba rufi, ko dai an fara ba a gama ba, ko an tashi an bar shi. Kufai kuwa wurin da gari ko unguwa ko gida ya taɓa zama ne aka watse, wani lokaci ba abin da ya rage sai tudun ƙasa, da kukoki, da tsingaro, da ramukan marina. Ɗaukar kango ya fi sauƙi domin akwai bango da ƙofa. Kufai sai ka san tarihinsa kafin idonka ya ga wani abu.

Wannan ba al'adar Turawa ba ce kuka kwaso?

Gaskiya ne hotunan da suka fi yawo a intanet daga can suke. Akwai babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin Detroit a Amurka, wadda aka buɗe a 1913, jirgi na ƙarshe ya bar ta a 1988, ta yi shekara 30 tana zaman kango har kamfanin Ford ya saye ta a 2018 ya gyara, aka sake buɗe ta a 2024. Akwai garin Pripyat a Yukren da aka kwashe mutanensa bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a Afrilun 1986. Akwai tsibirin Hashima a Japan, garin masu haƙar kwal da aka watse a 1974. A nan Afirka akwai Kolmanskop a Namibiya, garin da Jamusawa suka gina bayan an tsinci lu'ulu'u a 1908, yanzu rairayi ya cika ɗakunan har rabin ƙofa.

To amma ga inda muka bambanta da su. Waɗancan gine-gine na siminti ne da ƙarfe da dutse, suna iya jiran mai hoto shekara 50. Namu na ƙasa ba sa jira. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓen shekara-shekara, ranar da aka daina yi masa yaɓe ranar ya fara komawa inda ya fito. Indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, gara ta shiga azara, damina biyu ko uku sai labari. Ba ma sai wanda aka bari ba: a Agustan 2023 wani ɓangare na tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, ya rufta ana tsakiyar sallar La'asar, aka rasa rayuka. A Satumban 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Damagaram na ginin ƙasa. In waɗanda ake kula da su haka ta same su, ina ga wanda ba mai leƙa shi?

Saboda haka Bature yana iya ɗaukar kango don sha'awar kyan lalacewa. Ni in na ɗauka, ina sane da cewa wataƙila hotona ne zai zama shaidar ƙarshe cewa ginin ya taɓa tsayawa.

Ina ne wuraren da ya kamata mai sha'awa ya sani?

Suna da yawa, kuma iri-iri ne. A cikin kufan tsofaffin birane, ba kamar Surame a jihar Sakkwato, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16, aka tashi daga cikinsa wajen farkon ƙarni na 18. Abin da ya sa Surame ta fita daban shi ne da dutse aka yi ganuwarta, don haka har yau ana ganin layinta a cikin daji. Akwai Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a hannun masu jihadi a 1808. Akwai Turunku da ragowar ganuwar da ta kewaye dutsen Kufena a ƙasar Zazzau. A Nijar akwai Asode a duwatsun Azbin, da Jado can arewa maso gabas, inda gidaje suke manne a kan duwatsu kamar gidan rina. Sai dai wasu daga cikin wuraren nan, musamman yankin Alƙalawa da hanyar Jado, matsalar tsaro ta sa ba a zuwa kai tsaye. Kada hoto ya kai ka inda mutanen wurin da kansu suke kaffa-kaffa.

Badalar Kano ba sai ka yi tafiya ba. Tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Yau wani wurin an ɗebe ƙasarta an yi gini, wani wurin an yi shaguna a kanta, wani wurin ta zama juji. Yawancin ƙofofin da suke tsaye sabon gini ne na siminti. Guntayen ainihin badalar da suka rage su ne abin ɗauka, kuma duk shekara raguwa suke yi.

Sai kangayen zamanin Turawa. Zungeru ita ce hedikwatar Arewa daga 1902 har aka koma Kaduna, a can aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, kuma abin da ya rage na gine-ginen gwamnatin Lugga, Baturen da ya fara mulkin Arewa, ginshiƙai ne da harsashi a cikin ciyawa. 'Yar gadar ƙarfen da aka yi a can an ciro ta an kai Kaduna a 1954, tana lambun Gamji. Baro a bakin Kwara, inda layin dogon da ya iso Kano a 1911 ya faro, tana da tsofaffin ɗakunan ajiya da gidajen ma'aikatan reluwe. In ka bi layin Nguru ko na Ƙauran Namoda za ka ga ƙananan tashoshi da tankunan ruwa na zamanin jirgi mai kwal, lokacin da gyaɗa da auduga suke cika taragu.

Masaƙun Kakuri a Kaduna kuwa tarihinsu bai ma tsufa ba. An buɗe Kaduna Textiles a 1957 zamanin Sardauna, aka rufe a 2002, kuma mutanen da suka yi aiki a ciki suna nan da ransu a unguwannin da ke kewaye. Irin wannan kango ya fi kowane nauyi a wurina, domin kana ɗauka wani dattijo zai tsaya ya nuna maka ƙofar da yake shiga aikin dare.

Wanda Allah ya kai shi Sudan, ya nemi Sawakin a bakin Bahar Maliya. Daga nan kakanninmu masu tafiya Makka a ƙasa suke tsallakawa Jidda. Da duwatsun murjani na teku aka gina gidajenta, da aka buɗe tashar Port Sudan a farkon ƙarni na 20 sai ciniki ya koma can, gidajen suka riƙa zubewa.

Yaya zan gane hoton kango mai kyau daga na banza?

Ni abu uku nake dubawa, ko da yake na farkon ya fi sauran. Shin hoton ya gaya mini wane gini ne wannan, ko kuwa tarin ƙasa ne da zai iya zama ko'ina? Hoton da ya nuna zanko ɗaya da ya rage a kan soro, ko zanen dagi da rabinsa ya zube, ko lambar shekara a goshin tashar jirgi, ya fi hoto goma na bango tsagagge.

Na biyu, girma. Ganuwa ba ta da girma a hoto sai an ga wani abu kusa da ita: mutum, akuya, keke, bishiyar kuka. Na sha ganin an ɗauki bango mai tsayin mutum uku ya fito kamar kunyar dankali.

Na uku, haske ya fito da fatar ginin. Bangon ƙasa yana da sawun yatsun mai yaɓe, makuba tana da nata duhun ja, laso yana da nasa santsi. In haske ya daki bango ta gaba, duk wannan ya shafe. In ya zo ta gefe yana shafar bangon, kowane sawu sai ya yi 'yar inuwarsa.

Abin da ba na so shi ne hoton da aka cika masa duhu da gajimare na ƙarya don ya ba da tsoro. Gidan kakan wani ne, ba gidan fatalwa ba.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma daga La'asar sakaliya zuwa gab da Magariba. Rana tsaka ba ta da amfani a waje, amma tana da shi a ciki: ɗakin da rufinsa ya huje, da tsakar rana ne haske yake saukowa ta hujin kamar igiya, musamman in akwai ƙura. Ka lura da inda bango yake kallo. Bangon alƙibla na masallatanmu gabas yake fuskanta, don haka in bayan mihirabi kake so, da safe za ka je. La'asar ta ƙofofin yamma ce.

A shekara kuwa, na fi son ƙarshen kaka zuwa farkon hunturu. Ciyawa ta bushe ko an ƙone ta, harsashin gini ya bayyana, hazo kaɗan yana tausasa rana. In hazon ya yi yawa komai sai ya zama fari fat, kuma ƙura tana shiga kyamara. Damina tana ba da kore mai kyau a jikin jan bango, amma lokacin ne gini ya jiƙe yake neman wanda zai faɗa wa.

Wayata ta isa, ko sai na sayi babbar kyamara?

Ta isa. Ka goge idon kyamarar da gefen riga kafin ka fara, domin rabin hotunan da ake cewa waya ce ba ta da kyau maiƙon yatsa ne. Kada ka ja hoto da yatsu don ya matso, ka taka da ƙafarka. Ka riƙe wayar a miƙe, in ka ɗaga kanta sama bango zai fito kamar zai faɗi baya. In wuri da duhu, ka jingina gwiwar hannu a kan wani abu mai ƙarfi (ba bangon kangon ba) maimakon kunna filasha. Kuma kowane gini ka yi masa aƙalla ɗauka uku: daga nesa tare da abin da ke kewaye da shi, daga ƙofa, sannan kusa-kusa a kan abu ɗaya.

Sai na nemi izini? Ai ba kowa a ciki.

Ba kowa a ciki daban, ba mai shi daban. A ƙasar Hausa da wuya ka sami kangon da ba shi da magada, sau da yawa ma rigimar gado ce ta sa ya zama kango. Ka fara da mai unguwa ko dagaci, ka yi sallama, ka faɗi sunanka da abin da ya kawo ka, ka nemi a haɗa ka da yaro ko dattijon da zai raka ka, ka kuma tanadi ɗan goron da za ka ba shi. Ribar wannan ta wuce kariya. Ɗan rakiya ne zai ce maka nan turakar mai gida ce, can rumbu ne, wancan ramin rijiya ce kada ka matsa.

Na taɓa yin gaggawa a wani gari na shiga wani tsohon ɗakin ajiya ba tare da na gaida kowa ba. Kafin in fito matasa sun taru, wani yana cewa mai auna fili ne gwamnati ta turo, wani yana cewa ɗan leƙen asirin ɓarayi ne. Sai da wani dattijo ya karɓi wayata ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Yaro, da ka zo wurina tun farko ai da na buɗe maka har ofishin akawu." Laifina ne, kuma a halin da ake ciki yanzu ba na ganin laifin mutanen da suke tsoron baƙo mai kyamara.

Wuraren da aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa, irin su Surame, suna ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979, ita ake tuntuɓa. Kayan reluwe da masana'antu suna da masu gadi. Barikin soja da na 'yan sanda, ko sun tsufa, ka bar su. Ƙaramin jirgin nan maras matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama kuwa, a Nijeriya sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Ba ka tsoron aljanu?

Ina yin bisimilla da addu'ar shiga wuri, ba na kuma kai almuru a kango. Amma abubuwan da suka taɓa korata da gudu duk masu jiki ne: rina, zirnaƙo, da wani kumurci da ya ɗaga kai daga cikin tarin tubali. Akwai kunama a ƙarƙashin duk abin da ka ɗaga. Ɗakin da jemagu suka daɗe a ciki kashinsu yana da lahani ga huhu, in ka ji warin ka sa takunkumi ko ka tsaya daga ƙofa. Azarar da gara ta cinye daga waje lafiya lau take, don haka ba a hawa rufin kango, ba a jingina da bango, ba a tsayawa ƙarƙashin bakan gizon da ya tsage. Tsofaffin gidajen gwamnati da masana'antu da yawa an yi musu rufi ko silin da wani abu mai kama da siminti da ake kira asbestos, ƙurarsa tana jawo cutar huhu, kada ka fasa kada ka share. Rijiyoyi da masai da ciyawa ta rufe sun fi komai haɗari a kufai. Sannan a cikin birni, kango matattarar 'yan shaye-shaye ce. Takalmi rufaffe, ruwan sha, abokin tafiya, da wani a gida da ya san inda kuka nufa.

Wannan ba tallata talaucinmu da gazawarmu ba ne?

Tambayar tana da ƙarfi, kuma ba mu kaɗai muke yin ta ba. Mutanen Detroit sun daɗe suna ƙorafin cewa baƙi suna zuwa su ɗauki rusassun gine-gine su tafi, kamar ba dubban ɗaruruwan mutane da suke zaune a birnin suna neman abincinsu. Haka zai iya faruwa da mu. In ka ɗauki badala ka yanke unguwar da ke jikinta, ka rubuta "garin da aka manta", ka yi ƙarya.

Maganin abin a wurina shi ne suna da bayani. Hoton da aka rubuta masa wuri, da shekarar gini in an sani, da aikin da ginin ya yi, da ranar da aka ɗauka, ya zama hujja, har wanda yake son ya matsa wa hukuma ta gyara zai iya amfani da shi. Hoton da ba suna kayan kallo ne kawai. Kuma in mutane sun fake a kangon, 'yan gudun hijira ko almajirai ko mai taɓin hankali, to gida ne yanzu, ba a ɗaukar su sai sun yarda.

In na ga tsohon abu a ciki, zan iya ɗauka in ajiye?

A'a. Ko tsingaro ne. Masu binciken tarihi da inda abu yake kwance suke gane shekarunsa, in ka ɗauke ka ɓata musu. Fitar da kayan tarihi zuwa ƙasar waje ba izini kuma laifi ne a doka. Kada ma ka gyara wa abu zama don hoto ya yi kyau, kada ka rubuta sunanka a bango.

Baƙi da fari ya fi, ko mai launi? Gyaran hoto fa?

Ga gine-ginen reluwe da masana'antu, inda ƙarfe da inuwa suke da yawa, baƙi da fari yana yi mini. Ga ginin ƙasa ba na yarda, domin launin shi ne bayanin: jar ƙasar Kano daban, ta Zariya daban, farar ƙasar wasu garuruwan bakin gulbi daban. Ƙara haske ko rage shi ba laifi. Goge wayar lantarki, ko leda, ko shagon da aka manna a jikin ganuwa, wannan ɓata shaida ne, domin yadda wurin yake a ranar ke nan. Hotunan da ake haɗawa da ƙirƙirarriyar basira a ce wai "Kano a 1800" kuwa, ina roƙon masu yi su riƙa rubutawa a jiki cewa zane ne. Na ga dattawa suna tura wa juna irinsu da zuciya ɗaya.

Bayan na ɗauka, me zan yi da su?

Kada ka bar su a waya kaɗai, waya tana ɓata tana faɗawa ruwa. Ka kwafe su a kwamfuta ko ma'ajiyar intanet, kowane da sunan wuri da kwanan wata. In za ka tura ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton ya rage masa inganci. Wanda yake son kowa ya amfana zai iya ɗora su a Wikimedia Commons, inda masu rubuta Wikipedia ta Hausa suke ɗebo hotuna, kuma akwai gasar Wiki Loves Monuments da ake yi duk shekara a kan irin waɗannan wurare. Gidan da ba mai gadi kuma akwai tsofaffin ƙyamare ko ƙarafa a ciki, ka faɗi garin amma kada ka ba da kwatancen ƙofa, 'yan jari-bola ma suna da waya.

Ka wanke ko guda biyu ka kai wa mai unguwa da iyalan gidan. Sannan ka koma bayan damina ka tsaya daidai inda ka tsaya bara, ka sake ɗauka. Akwai wani soro da na yi wa haka sau huɗu. A na farko zankwayensa huɗu, a na uku saura ɗaya, a na huɗu an share filin ana sauke bulo.